Wutar da Ake Sha Ranar Alhamis

Oikawa Fusako ba ta yarda da maganar mai mota. A wurin mahaifinta ta koyi haka, shi da ya buɗe shagon gyaran wutar mota a titin da ya gangara tashar jiragen kamun kifi. Ya sha gaya mata cewa duk wanda ya shigo yana cewa bai taɓa komai ba, a fara neman inda ya taɓa. Tana da shekara ashirin da shida ya rasu, ya bar mata shagon, da tsohuwar mita mai allura, da mutanen gari da suka yi kusan shekara goma suna leƙa bayanta ko akwai namijin da ke yin aikin a ɓoye. Yanzu shekararta sittin da ɗaya. Ba ta tara dukiya ba. Abin da ta tara magana ce guda da ake faɗi a garin: aikin Fusako ba ya dawowa.

Tun da 'yan fansho suka kama sayen motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da firij da ɗan murhu, rabin aikinta ya koma kansu. Suna da ƙungiya, mota goma sha ɗaya, kuma duk ita ke riƙe da wayarinsu.

Ranar wata Litinin a farkon Disamba, aikinta ya dawo.

Farar motar Kumagai ce ta shigo harabar a hankali, matarsa Yoshie na tuƙi. Shi Kumagai Tokuji ya mayar wa hukuma lasisinsa bara saboda ciwon ido, amma bai mayar da bakinsa ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana binciken kaya a masana'antar kifin gwangwani, har yau idan aka miƙa masa kofin shayi sai ya juya gindinsa ya duba.

"Mai shago," in ji shi, tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, "batirin nan da kika sa mana, daga wace bola kika tsinto shi?"

"Barka da hantsi, Maigida. Daga bolar da kake sayen tabarau."

"Ba wasa na zo ba. Shekaranjiya muna wurin wankan ruwan zafi da 'yan ƙungiya, fitila ta yi ja, firij ya tsaya, na'urar ɗumama ɗaki ta yi tari sau biyu ta mutu. A gaban shugaba. Sai da matar wani ta ara mana bargo kamar 'yan gudun hijira."

"Me kuka kunna?"

"Ba mu taɓa komai ba."

Fusako ta ɗaga ido ta dube shi, sannan ta dubi matar. Yoshie na tsaye a gefen mota, hannuwa a haɗe, ta rusuna kaɗan kamar ita ce batirin da ya yi laifi.

Mota irin wannan batir biyu gare ta: na injin, da na ɗaki. Na ɗakin ba ya cika sai injin na tafiya. Fusako ta tambayi ko motar na yawan zama.

"Zama?" Kumagai ya yi dariyar raini. "Duk Alhamis uwargida na zuwa wurin yayarta a bayan dutse. Kilomita tamanin zuwa, tamanin dawowa. In wannan bai cika batir ba, sai mu kai shi har tsibirin Hokkaido? Ki ji ni da kyau. Ranar Asabar ina son a nuna min abin da ya lalace, in riƙe shi a hannuna. In babu, babban gareji na birni zan kai ta su bincika tun daga bamba har bamba, kuma abin da suka faɗa shi zan karanta a taron ƙungiya."

Suka tafi a tasi. Fusako ta sa tabarau ta shiga motar.

Ta ɗaga katifar kujera, ta ɗora mita a kan batirin ɗaki: sha ɗaya da ɗigo shida, yunwa ta cinye shi. Ta fara da zargin kanta, domin haka tsarin yake. Ta girgiza kowace mahaɗar waya, ta kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta duba ko tsatsa ta shiga, babu. Ta kashe komai ta auna ko akwai abin da ke satar wuta a ɓoye, allura ba ta motsa ba. Ta zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Ta tayar da injin, ƙaramin akwatin da ke buɗe wa caji hanya ya yi ƙas yadda ya kamata, wuta sha huɗu ta iso batirin ba ragi. Ta jona shi a caji, washegari ta ɗora masa kaya mai nauyi na awa uku. Ya riƙe kamar jaki.

Batir lafiya, hanyar caji lafiya, ɓarawo babu. Saura abu ɗaya: akwai mai sha, kuma ba ya mayarwa.

Al'adarta ce duk batirin da ta sa sai ta rubuta kwanan wata da kilomitar mota a jikinsa da farin fenti. Ta haska tocila. Huɗu ga Satumba, dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da talatin. Ta leƙa agogon tafiya a gaban sitiyari. Ɗari huɗu da tamanin kawai ya ƙaru. Alhamis goma sha uku zuwa bayan dutse ya kamata su haura dubu biyu.

Ta zauna a bakin ƙofar motar ta cire tabarau. Maganin matsalarta na hannunta: ta nuna wa Kumagai lambobin nan biyu, sunanta ya fita fes. Amma abin da ke bayan lambobin fa? Zuciyarta ta ba ta akwai wani namiji a cikin lamarin. Mace mai shekara sittin da shida, mota mai gado da labule. Ta ga abin da ya fi haka a cikin motocin mutane.

Laraba ta buga waya ta ce a zo a ɗauki mota a yi tafiyar Alhamis, tana son ta ga yadda batirin zai dawo. Da safiyar Alhamis ta rufe shago, ta ajiye 'yar akori-kurarta a bayan kantin kusurwa. Ƙarfe tara farar motar ta wuce. Ta bi ta daga nesa. A mararrabar da ake hawa hanyar dutse, Yoshie ta sa sigina hagu maimakon dama, ta tsaya a wani kanti ta fito da ɗan kwali, ta gangara bayan ganuwar kogi, inda aka daina ɗibar tsakuwa tun shekarun baya. Ta kashe injin. Labule ya rufu.

Fusako ta jira awa guda tana kallon hanya. Babu motar da ta biyo, babu keke, babu mai tafiya a ƙafa. Sanyi ya shiga yatsunta. Ta sauka ta ƙwanƙwasa.

Can ƙofa ta buɗe kamar faɗin tafin hannu.

"Ni ce, Uwargida. Ina ganin yayar taki ta ƙaura kusa."

Yoshie ba ta razana yadda Fusako ta zata ba. Ta dube ta, ta dubi bayanta, ta matsa. "Shigo, kina shigar min da sanyi. Cire takalmi."

Fusako ta shiga, idonta na aiki. Bargon lantarki a shimfiɗe, jone. Butar lantarki tana huci. Rediyo ƙasa-ƙasa. Kofi ɗaya. Takalmin mutum ɗaya a bakin ƙofa, ban da nata. Ta leƙa bayan labulen gado ma, ba kunya.

"Ki duba ƙarƙashin kujera," in ji Yoshie. "Wataƙila na naɗe shi na sa a can."

"Aikina ne dubawa. Me kike yi a nan?"

"Ba komai."

"Kowa haka yake ce min."

"Ni da gaske nake. Ina dafa shayi. Ina jin rediyo. In na ga dama in yi barci da baki a buɗe." Ta zuba ruwan zafi a murfin flas ta miƙa mata. "Fusako-san, ba ki taɓa aure ba, ko? Shekara huɗu ke nan da ya yi ritaya. Yana bina har kicin yana karanta kwanan watan kwalin madara. Sha biyu daidai zai zauna ya ce, 'Abinci.' Ba ya duka, ba ya sha, ba ya zagi. Yana nan ne kawai. Kafin shi uwarsa ce, shekara tara ina juya ta a kan gado. Da farko ina zuwa wurin Yaya da gaske. Sai ita ma ta kama ba ni labarin gwiwarta daga isowata har tafiyata. Wata rana na tsaya a nan in ɗan huta, sai na ga yamma ta yi."

"Tsarabar da kike kai masa fa?"

Yoshie ta nuna kwalin. "Yaya ke aiko da tsamin kabejinta kantin can duk mako. Ta ce da ta san dabarar nan tun mijinta na da rai."

"Mai fa? Bai lura tanki ba ya sauka ba?"

"Ni ke riƙe da jakar gida. Shi gwangwani yake dubawa, ba ni ba."

Fusako ta kurɓi shayin. "Bargon nan da butar nan su suka cinye min suna. Kina sha awa shida, kina mayar da na minti goma. In ya kai motar birni, yaran can rubutuna za su fara karantawa a jikin batir. Kafin su gama gaisawa sun gaya masa."

"Ki goge rubutun."

"Sai su ce batirina ne. Ko dai ke, ko dai ni."

Yoshie ta ajiye kofinta. Ba ta roƙa ba, kuma Fusako ta so a ce ta roƙa, da ta sami abin ƙi. Cewa kawai ta yi, "To ki faɗa masa. Gaskiya ce ai. Ba zai yi faɗa ba. Cewa zai yi daga yau zai riƙa raka ni."

Fusako ta sa takalminta ta fita.

Juma'a da rana motar ta dawo shago. Ta kwance ƙaramin akwatin nan mai buɗe hanyar caji, wanda ita ta sa shi da hannunta, wanda ba abin da ya same shi. Ta juya shi a tafinta. Ta san Kumagai: in ta ba shi lafiyayye, sai ya kai an gwada. Ta ɗaure shi a kan benci, ta ɗauko wayoyi biyu masu kauri daga babban batirin gwaji, ta haɗa inda ba a haɗawa. Ya yi ƙara, hayaƙi siriri ya tashi, warin ƙonannen roba ya cika shagon. Shekara talatin da biyar, ba ta taɓa kashe abu mai rai da gangan ba. Ta buɗe taga. Ta ɗauko sabo irinsa ta ɗaura, ta sa tsumma da fetur ta goge farin fentin.

Asabar ta sa rigarta ta fita kunya, ta sayi kwalin alewar wake, ta tafi gidan Kumagai da kanta. A bakin ƙofa ta rusuna, ta daɗe a rusune.

"Laifina ne, Maigida. Wannan ne ya ƙone, caji ba ya wucewa. Ni na zaɓe shi, ni na ɗaura."

Kumagai ya karɓa, ya kai hanci ya sansana, ya kai kusa da idonsa mai gani. "Ƙunar nan kamar sabuwa."

"Jiya ya ƙarasa, a gabana."

"Hm." Ya daɗe yana kallonta. Ta tsayar da fuskarta. "Ashe dai aikin Fusako na dawowa. Uwar yara, kawo min leda da alƙalami."

Yoshie ta kawo. Ya sa akwatin a leda, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya ce zai nuna wa 'yan ƙungiya, ba don cin fuska ba, don kowa ya duba tasa.

Da Yoshie ta rako ta bakin titi, Fusako ta yi magana ba tare da ta juyo ba. "Zuwa kogi ya ƙare. Daga Alhamis ki zagayo ta bayan shagona, tsakanin katanga da matattun motoci. Akwai soket a bango. Ki jona ki sha iya shanki."

"Ba za ki riƙa zuwa kina min hira ba?"

"Ni? Ina da aiki."

"To zan zo."

Kafin ƙarshen wata, mota uku daga cikin sha ɗayan sun koma garejin birni. Ranar Alhamis ta farko a sabuwar shekara shugaban ƙungiya ya bugo waya, ya yi ta kewaye-kewaye a kan sanyi da dusar ƙanƙara, sannan ya ce aikin da suka shirya na motarsa a ɗan dakata tukuna. Fusako ta ce to, ta gode.

Ta ajiye wayar ta fita bayan shago don ɗauko wani ƙarfe. Baƙar waya ta miƙe daga bango zuwa farar motar, labule a rufe. Ta tsaya gaban mitar bango. Tana gudu fiye da yadda bargo da buta za su sa ta gudu. Akwai abu na uku a jone, mai cin wuta sosai, wanda ba a gaya mata ba. Ta yi lissafi a ka: ba firij ba ne, ba rediyo ba. Ta taka har kusa da ƙofar motar, ta ɗaga hannu.

Ta sauke shi, ta ɗauki ƙarfenta ta koma ciki.