Dakan Zuwaira a Cikin Akwatin Yaya Idi

Ku da kuka san yayana Idi mai gyaran rediyo, ku faɗi gaskiya: kun taɓa ganin ya ɗaga kai in yana tafiya? Ina! Kullum idonsa na ƙasa, yana neman matacciyar tocila. Ranar kasuwar Gidan Amumune mutane su komo da gero da awaki, shi ya komo da aljihu cike da tarkace. In na ce, "Yaya, don Allah, wannan ai ya mutu," sai ya hure shi, ya goge da hannun riga, ya ce, "Bai mutu ba, Hajo. Barci yake."

Ashe ƴan ƙwayayen wutar da ke ciki yake cirewa. Ga dalili. Matarsa Zuwaira ta rasu ɗiyarsu Rabi tana goye, ba ta bar ko hoto guda ba. Da Rabi ta yi wayo ta tambaye shi, "Baba, wai yaya innata take?" Ya ce mata, "Zan gwada miki ita." Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba.

Ya tafi Tasawa ya samo falle huɗu na robar nan mai kama da gilashi, pileksi suke ce mata. Amalanken jaki ya hau zuwa nan Maijirgi, ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe su, shi kuwa ya zauna da ƴar shara cikin tsakar rana. Na tare shi bakin gida na ce, "Wayyo, ka kunyata mu!" Ya ce, "Fatata in ta ƙuje tana warkewa. Wagga fa?"

Ƙusa ya wasa, da ita yake ƙwarzana zane jikin robar. Falle guda mace ta ɗaga taɓarya, na biyu ta sake ta sama, haka har huɗu. Ya jera su cikin akwati, kowane da ƙwayayen wutarsa a gindi. Ya ciro abin da ke sa fitilar kabu-kabu ƙyaftawa, ya haɗa da batir, don wutar ta dinga tsalle daga wannan falle zuwa wancan. Ranar gwajin farko ya kira matan gida zaure, ya rataya tabarma a ƙofa, ya kunna. Jama'a! Matar nan daka take kamar keken ɗinki. Tsohuwa Ta-Mayahi, maƙwabciyarmu, ta riƙe ciki ta ce, "Idi, wagga da aljanu take, a kawo turare!" Kwana uku bai amsa gaisuwar kowa ba.

Rana ta huɗu ya zo ya tsaya kaina. "Hajo, ɗauko turmi."

"In yi mi?"

"Ki yi daka, in ƙidaya."

Ni da jikoki! Amma wa ya isa ya musa wa Yaya? Na yi ta daka, yana buga ƙafa, yana gyara wayoyinsa. Sai ya ce, "Ba haka ba. Ki jefa taɓarya, ki tafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ki cafe." Nan na gane inda ya dosa, don duk garin nan Zuwaira kaɗai ke tafin baya. Na share ido na jefa. Na tafa gaba, na kai hannu baya, taɓarya ta sauka bisa rediyon liman da aka kawo gyara, ta raba shi biyu. Na ce, "To Yaya, shi ma wannan barci yake?" Ya duba, ya duba, ya ce, "A'a. Wannan kam ya riga mu gidan gaskiya."

Damina biyu ya ƙara a kai. Wani mai shago ya ji labari, ya zo yana so ya kafa akwatin bakin shagonsa. Yaya ya ce, "Ka taɓa jin inda mutum ya kai matarsa talla?"

Da ya gama, bayan la'asar ya sake tara mu, ya zaunar da Rabi gaba. Tabarma ta rufe ƙofa, ya haɗa waya. Ga mace cikin farin haske, kallabi ya karkace, taɓarya ta tashi, tafi gaba, tafi baya, ta cafe. Ba wanda ya yi dariya. Ta-Mayahi ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Zuwaira!" Rabi ta waiga ta ce, "Gwaggo, ita ce?" Na ce, "Wallahi ita ce, ɗiyata, har rawar kan." Ta matsa ta ɗora tafin hannu bisa akwatin. Yaya kuwa ya duƙar da kai, wai waya yake dubawa. Ni dai ranar na ji ba wanda ya kai ni ɗan'uwa duk ƙasar Tasawa, kuma har gobe haka nake ji.

Akwatin na ɗakin Rabi yanzu. Ran nan ƙwaya guda ta ƙi kamawa, ɗanta ya ce ta mutu. Ta hure ta, ta goge da bakin zane, ta ce, "Barci take."

Allah Ya jiƙan Yaya Idi, Ya sada shi da Zuwaira. Yadda ya haskaka wa marainiya uwarta, Allah Ka haskaka kabarinsa. Amin.