Na Ji “Ya Tsaya”, Na Kunna Giranda

Da sunan Allah nake fara wannan wasiƙa, ina gaishe ku tare da masu karatu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a Woolwich, a bakin kogin Thames, da mata da 'ya'ya a wani ɗan gidan haya na ƙaramar hukuma. A Kano aka haife ni, a gidan malamai. Da ajami na fara rubutu, na karanta nahawu gwargwadon hali, boko kuwa sai da na girma na shige shi, har na koyi gyaran injina. Karatun nahawun nan ya bar mini wata ɗabi'a: kunnena ba ya jure a mayar da mace namiji a magana. Ina ji sai na gyara wa mutum, ko bai tambaye ni ba.

Aikinmu a kan jiragen ruwa ne masu shigowa kogin Thames su sauke kaya. Ga wanda bai sani ba, idan jirgi ya sauke kayansa sai ya yi sakayau, ba zai iya tafiya a teku haka ba. Don haka yakan zuƙi ruwa ya cika wasu tankuna a cikinsa, ya samu nauyi, in ya isa wata ƙasa zai ɗauki kaya sai ya zubar. Wannan shi ake kira ruwan balas. Matsalar ita ce ruwan yana ɗauke da ƙananan halittu da ƙwayoyin cuta, idan aka juye su a ruwan da ba nasu ba sai su yi ɓarna, su cinye kifin mutane da abincinsa. Shi ya sa aka yi doka cewa dole jirgi ya tace ruwan, ya kashe abin da ke cikinsa. Wani nau'in injin da ke wannan aiki yakan sa lantarki a ruwan gishiri ya fitar da sinadari irin na bilic. Amma yana fitar da wata iska mai cin wuta, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma sama take tashi. Akwai fanka da aikinta kawai ta kore iskar nan waje.

Abokin aikina mutumin Ghana ne, ɗan zango, wato unguwar Hausawan can, mazaunin Deptford. Ya girme ni kaɗan, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa ganin ya tashi daga cin abinci bai rage wa wani ba. Hausarsu ta zango ba ta damu da mace da namiji ba. Zai ce matarsa ya dafa shinkafa, motarsa ya lalace. Ni kuwa kullum ina tsokanarsa, in tambaye shi ko gardi ya aura. Shi kuma ya kira ni Bakano mai iyayi, ya ce in ba don su ba da goro bai taɓa shiga bakin kakana ba. Da Hausa muke magana a oba-oba idan muna aiki, don ta fi mana sauri, kuma ba mai jin abin da muke cewa game da shi.

Ranar da abin ya faru, da safe aka tura mu wani jirgi da ke sauke tsakuwa a bakin kogi. Ruwan Thames laka ne, yana toshe matatar injin, injin ya yi ta kashe kansa. Injiniyan jirgin, wani ƙaton mutum mai jan ido don rashin barci, yana so ya gama cika tankunansa kafin ruwa ya janye, in ba haka ba jirgin ya kwana a wurin. Da muka duba, sai muka ga dole a buɗe murfin matatar, ga kuma wani noti da tsatsa ta cinye, sai dai a yanke shi da giranda. Giranda kuwa tartsatsi take yi. Na gaya wa injiniyan sai an kashe famfon da ke turo ruwa, injin ya tsaya gaba ɗaya, a bar fanka ta share ɗakin, sannan in taɓa komai. Ya ce ba za a kashe ba. Na maimaita. Sai ya caƙumi wuyan rigata ya buga ni da bangon ƙarfe, har ƙeyata ta yi ƙara, yana zagina da wani yare da ban sani ba. Abokina ya kama hannunsa ya murɗe shi baya, ya danna fuskarsa a kan bututu, ya ce masa da Turanci, a hankali, in ya sake taɓa ni, to da hannun hagu zai ci abincin rana. Ma'aikatan jirgin suka shiga tsakani. Injiniyan ya tofar da jini, ya ce to a je a kashe, amma a yi sauri.

Abin da ba mu sani ba, tun kafin mu zo injiniyan ya gaji da injin yana kashe kansa, ya sa wata 'yar waya ya haɗe hanyar da ke tsayar da shi idan wani abu ya lalace. Ta haka injin zai ci gaba da aiki ko da fankar ta mutu, ba ƙararrawar da za ta kaɗa. Kuma fankar ta riga ta mutu.

Ɗakin injin wani akwatin ƙarfe ne, ƙofarsa a sama, ana sauka da tsani. Na sauka na tsuguna gaban matatar. Abokina ya tafi wurin allon sarrafawa, da alkawarin zai gaya mini idan famfo ya tsaya. Famfon yana can ƙasa a wani ɗaki, ga ƙugin tsakuwa da ake juyewa, ga abin toshe kunne, don haka ba yadda zan ji da kaina. Akwai na'urar gwada iska a jakata. Ban ciro ta ba. Raina a ɓace yake, ƙeyata tana zafi, so nake in gama in bar jirgin. Can sai oba-oba ta yi ƙara, na ji muryarsa yana cewa ya tsaya, ya tsaya. Daga baya na gane abin da ya faru. Ya ga jar fitila a kan allo, ya fara magana kafin ya danna maɓalli sosai, kalmar farko ta yanke. Fanka yake nufi. Da Bakano ne zai ce ta tsaya, da na jefar da girandar na haura da gudu. Amma ya ce ya tsaya, kunnena kuma ya ba ni famfo, domin famfo ne namiji. Ni da na shekara ina yi masa dariya a kan wannan, a ranar da ya kamata in tuna, ban tuna ba. Na ce masa to, na yi bisimilla, na kunna giranda.

Ya ji amsata, ya gane ban fahimta ba, ya sheƙo da gudu. Yana buɗe ƙofar yana sa ƙafa a tsani, tartsatsin ya kai sama inda iskar ta taru. Ban ji ƙara ba. Wani abu ne ya danne ni ƙasa kamar an sako mini buhunan siminti, haƙorana suka datse harshena, gemuna ya kama wuta. Da na ɗago sai na gan shi ya faɗo ƙasan tsani, rigar aikinsa ta narke ta manne da fata, hannunsa na dama ƙofar ta datse shi, yatsu uku suna lilo. Fuskarsa ba ta ganuwa. Na ja shi ina kiran sunansa, ni kaina ban jin muryata. Ina ɗaure masa hannu da ɗamarata sai na hango injiniyan ta ƙofar da ta ɓalle, ba wurinmu ya nufo ba, wurin allon ya nufa don ya cire wayarsa. Wani ma'aikacin jirgin ya gan shi, ya maka masa sifana a kafaɗa, suka faɗi suna kokawa a kan tsakuwa har masu ɗaukar marasa lafiya suka iso.

Ni na fito asibiti da wuri, da kunne ɗaya a mace da ƙuna a wuya. Abokina kuwa ya daɗe bai farfaɗo ba. Labari ya bazu a cikin 'yan zango cewa ya gargaɗe ni na ƙi ji. Wata Juma'a bayan an sauko, na bi ta kasuwar Deptford don in kai wa iyalinsa cefane, sai ƙanensa ya tare ni gaban wani shagon doya. Bai yi sallama ba. Ya tambaye ni ko yayansa bai ce mini ya tsaya ba. Na ce ya faɗa. Kafin in ƙara kalma ya nushe ni a baki, na faɗi kan kwalayen kifi. Ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari, yana cewa in tashi in gyara masa Hausa, tunda ni ne malamin Hausa. Ban kare kaina ba, ban ga da wane hannu zan kare ba. Wata dattijuwa mai sayar da barkono ce ta faɗa kaina ta rufe ni da jikinta, tana ce masa ya kashe mu biyu in ya isa. Na bar haƙora biyu a wurin. 'Yan sanda suka tambaye ni ko zan shigar da ƙara, na ce a'a.

Masu bincike sun gano wayar, an tsare jirgin, injiniyan ya fuskanci hukuncinsa. Sun kuma rubuta cewa ban gwada iska ba, kuma gaskiya suka rubuta. Wannan duk bai dame ni ba kamar ranar da aka ce abokina ya farfaɗo yana nemana. Na shiga na same shi kwance. Ido ɗaya ya tafi, hannun dama dungu ne. Na faɗa masa abin da na ji da abin da na fahimta, ban rage komai ba. Sannan ya ce, da muryar da hayaƙi ya shaƙe, shi dai bai taɓa ganin mutane irin Kanawa ba, har fanka sun ɗaura wa zane. Ya ce in matso. Ya shafa bakina da hannun hagu, ya ji gurbin haƙoran, ya tambayi wanda ya yi. Na ce faɗuwa na yi. Ya ce ya san faɗuwar, uwarsu ɗaya da ita, kuma zai kira ta ta zo ta durƙusa. Daga nan ya nemi in zuba masa ruwa ya yi alwala, domin bai san yadda ake yi da hannu ɗaya ba tukuna. Na zuba, ina kuka, yana ce mini in daina ɓata masa ruwa.

Abin da na koya shi ne, dokar ruwan nan da muke gani kamar takura ba ita ta ƙone mu ba. Wanda ya so ya nuna yana bin ta alhali ya zagaye kariyar injin, shi ya tara iskar. Ni kuma na kawo wutar, don na yarda da kunnena fiye da na'urar da ke jakata. Ina roƙon 'yan'uwa masu aiki a jirage da masana'antu: kada ku yarda a haɗe wayar tsaro don sauri, kada ku kama aiki da fushi a zuciya, kuma in an gaya muku abu ya tsaya, ku tambaya mene ne ya tsaya, ku kira shi da sunansa, ku jira a amsa. Hausa ɗaya muke ji, amma ba baki ɗaya muke da shi ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba abokina ladan abin da ya rasa a kan tsanin nan saboda ni.