Shafin da Baba Ƙirga Ya Yage

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙirga ya yi yana sa mutane barci a ɗakin tiyata. Aikin ne ya ba shi sunan: in ya tura allura sai ya ce wa mara lafiya ya ƙirga zuwa goma, kuma ba wanda ya taɓa wuce bakwai. Yana da ɗan littafi a aljihu, inda yake rubuta maganar farko da kowa ya yi bayan farfaɗowa. Wani uwarsa yake kira, wani kuwa takalminsa yake cigiya.

Da ya yi ritaya sai ya ɗaura aniyar rubuta littafi a kan inda hankalin mutum yake tafiya in allura ta ɗauke shi. Autarsa ke buga masa a kwamfuta a teburin falo. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarabce shi da son yabo.

"Baba, shafi arba'in na buga," in ji Auta, "ban ga mara lafiya ko ɗaya ba. Daga 'ni na gano' sai 'ni na fara lura'. Hankalin mutane kake rubutawa ko tarihinka?"

Ya haɗe rai. Ita kuwa ta janyo ɗan littafin aljihun tana buɗawa, har ta kai inda aka yage shafi guda. Ta tambaye shi dalili, ya faɗa mata.

Wata mai ɗinki ce, shekara ashirin da suka wuce. Tana farfaɗowa ta ce masa ba ta yi barci ba, tana jin wuƙar, motsi ne ta kasa. Ya san gaskiya ta faɗa, don ya ga hawaye na gangaro mata ana cikin aikin. Tsoron kada sunansa ya ɓaci ya sa ya ce mata mafarki ne, ya yage shafin. Tun daga ranar abin ke ci masa rai.

Sati biyu shi da Auta suka yi suna cigiyar matar kafin suka samu shagonta, tana zaune bayan keken ɗinki da tabarau a ƙarshen hanci. Ya zo da jawabi a baki, na ƙarancin kayan aiki da yadda ya yi iya ƙoƙarinsa. Da suka gaisa sai duk ya zube.

"Baiwar Allah, ni ne na sa ki barci. Ba mafarki kika yi ba. Kin farka, kuma na sani."

Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta daɗe tana kallon zaren.

"Malam, ni ko fuskarka ban riƙe ba," ta ce. "Maigidana har ya rasu yana cewa ruɗewa na yi. Ni kaina na fara zargin hankalina." Ta sauke ajiyar zuciya. "Ashe lafiyata ƙalau."

Ya ji kunya, ya kuma ji sanyi a ransa irin wanda ya daɗe bai ji ba. Auta ta buɗe kwamfutar a kan teburin yankan yadi, ta dube shi tana jiran abin da za ta buga.

"Ba ni za ki kalla ba," ya ce. "Ita ce take wurin. Baiwar Allah, in kin yarda, faɗa mata daga farko."