Uwar da Ba Ta Fure

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Fulani, can bayan Kiyawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanena Sale, "Kira min waccan." Shi tana goya shi, tana ba shi fura a baki, ni ko kallon ido biyu ba ma yi. Manya sun ce kunya ce. Ni dai a lokacin na riga na yanke hukunci: matar nan ba ta ƙaunata.

Shekarar da na gama firamare aka ce zan koma Yalwawa wajen Gwaggo, in ci gaba da karatu a Dutse. Ana gobe tafiya na zauna ina jiran Inna ta ce min wani abu. Ta ɗaure min kaya tsaf, ta wuce tatsar shanu. Haushi ya kama ni, na shige ɗakin Dada, kakata ta wajen uba, inda muke taruwa bayan magariba. Ƙarshen damina ne, ta hura wuta tana gasa mana masara.

"Ke ƙawata, wa ya mutu kika ɗaure fuska haka?"

Na ce, "Dada, Inna murna take zan tafi."

Ta yi dariya har da tari, ni kuwa na ƙara cika. Sai ta miƙa hannu cikin jeren ƙoren da ke bayanta, ta zaro wani abu da muke kira ɗan tsauni. Kamar ƙaramar abarba yake, amma itace ne zalla, ɓawo bisa ɓawo, duk a bubbuɗe saboda zafin ɗakin. Tun tana amarya ta tsinto shi a tsaunukan Jos, lokacin da suka bi shanu can. Ta ce itacensa dogo ne, ganyensa kamar allura, kuma ko ka shekara a gindinsa ba za ka ga fure ba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," in ji Dada. Muka ce ta shigo, don mun san tatsuniya ce.

Wai ranar da aka raba wa itatuwa kayan ado, kowa ta yi sammako. Ɗorawa ta kwashi jajayen tuntaye, mangwaro ta ɗebi ƙamshi, magarya da kanya suka sami zaƙi. Tun daga nan in za su haihu sai su yi kwalliya, zuma ta zo ta yi musu aike daga fure zuwa fure. In 'ya'yan sun zo, a naɗe su cikin nama mai daɗi, tsuntsu da akuya su ɗauke su. Ita kuwa ta kan tsauni hanya ta yi mata nisa, ta tarar an watse. Ba fure, ba zaƙi, zuma ma ba ta san da zamanta ba. Sai ta roƙi iska ta riƙa yi mata aiken. Da ta haihu ba ta da abin naɗe 'ya'yan, ta sassaƙa musu ɗakuna da jikinta, ta kwantar da kowanne tsirara a kan ɓawonsa, daga shi sai ɗan fiffikensa.

'Ya'yan suka girma suna ƙorafi. "Dubi na mangwaro yadda ake ji da su! Mu tamu uwar ko murmushi babu." Rannan iska ta zo ɗaukarsu, sai hadari ya riga ta.

Nan Dada ta tsaya. Ta ɗauki ɗan tsaunin ta jefa shi cikin ƙwaryar ruwa. Sale ya ce, "Dada, sai me ya faru?" Ta ce masa ya ci masararsa. Muka cinye, ta yi sallar isha'i, muna ta ƙunƙuni an yanke mana tatsuniya. Da ta idar ta tsamo shi. Wallahi ya rufe ruf, ko tsinke ba zai shiga ba.

"Kun gani? In ana ruwa ba ta sakin ko ɗaya, don fiffikensu zai jiƙe su faɗi a gindinta. Sai gari ya bushe take buɗewa, ta ce ku tafi nesa. Ta ƙare, kowa ya ɗauki rabonsa."

Ban ɗauki komai ba. Na kwanta da fushina.

Washegari Baffa ya riƙe min jaka, Inna ta biyo mu a baya wai za ta kai nono bakin titi. Muna jiran mota ruwa ya tsuge. Ban ankara ba na ji an fizgo ni. Inna ce ta ja ni cikin mayafinta, ta danna kaina a ƙirjinta, ta juya wa ruwan baya. Ina jin zuciyarta tana bugawa da ƙarfi, ina shaƙar warin hayaƙi da man shanu. Motar farko ta tsaya, Baffa ya yi magana, ba ta sake ni ba. Sai da ruwan ya ɗauke ta buɗe mayafin, ta kau da kai, ta ce, "Je ki."

Daga baya na karanta abin a aji: itatuwa masu fure suna ɓoye irinsu cikin 'ya'yan itace, irin na Dada kuwa ƙwayarsu a fili take kan ɓawo, iska ce ke yi musu barbara. Malamin yana zane a allo, ni ina murmushi ni kaɗai.

Dada ta rasu, Allah ya jiƙanta, ɗan tsaunin yana kan kabad ɗina a Yalwawa, har yanzu yana tsukewa in damina ta yi nisa. Inna ma tana wajena, ta tsufa, kuma har gobe ba ta kiran sunana. Amma ran da hadari ya haɗu ban dawo daga aiki ba, a bakin ƙofa nake tarar da ita, tana tambayar jikokinta, "Waccan ba ta shigo ba?"