Ƙaramin yatsan Inna a Kajiji

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wata ƙawata mai aiki a ɗan bankin da ke ba mata ƙaramin jari. Ita aiki ya kai ta, ni kuwa son ganin ƙwaƙwaf ne. A jakarta akwai kwamfutar hannu, da faifan sola na caji, da wata 'yar na'urar dangwala yatsa wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba.

A Bodinga muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya rame, kuɗinsa kuma ya yi ƙiba. Ina laluben canji sai mai tuyar ta ce in tura mata ta waya kawai. Na tura, alat ya shigo, ta gyaɗa kai ba tare da ta ajiye matsami ba.

Daga Shagari muka hau babura zuwa wani ƙauye a yankin Kajiji. Hanyar rairayi ce da kwazazzabai, duk addu'ar da na haddace sai da na karanta ta. An gama yankan gero, dammuna jingine a bakin rumbuna, a fadama kuma ana ta gyaran fangalin albasa.

Mata goma muka tarar a tsakar gida ɗaya, ƙungiya ce da ke tsaya wa juna. Ba mai takardar banki a cikinsu, ba mai sa hannu. Ƙawata ta ɗauki hoton kowace, matar ta dangwala yatsa, shi ke nan an buɗe mata asusu. Ko ɗigon sabis babu a garin, amma kwamfutar tana adana komai har a fita inda za ta tura. Abin da a da sai an yi kuɗin mota zuwa birni an wuni a layi, ga shi an gama kafin fura ta damu. Gaskiya ya burge ni.

Ta ƙarshe ita ce wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu ya bar mata fili a fadama, tana son jarin irin albasa da taki. Lokacin dashe ya kama, ƙawata kuma ba za ta dawo ba sai wata mai zuwa. In ba a yi mata rajista ranar ba, noman bana ya wuce ta.

Inna ta dangwala babban yatsa, na'ura ta nuna ja. Aka goge, aka sake, ja. Na kama hannun na duba: taɓarya da fartanya da guga sun cinye zanen tas, fatar ta yi sumul kamar bayan ƙwarya.

Inna ta ce, “Ɗiyata, wagga aba ba ta san ni ba? Kowa na garin ga ya san ni.”

Matan suka yi dariya. Ƙawata ta ce, “Inna, yi haƙuri, ai yatsu goma Allah ya ba ki.” Ta sa aka kawo ruwa ta jiƙa mata hannu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Takwas suka faɗi. Ni kam na riga na cire rai, har na fara jin haushin na'urar da na gama yabo. Sai ƙaramin yatsan hagu ya hau, fitila ta yi kore.

Guɗa ta tashi. Inna ta ɗaga yatsan tana harararsa, ta ce, “Wanga raggo da bai taɓa yi min aikin komi ba, shi na yaf fisshe ni!”

Da muka dawo Shagari sabis ya kama, sunaye goma suka tafi, na Inna a ciki. Ƙawata ta ce jibi Inna za ta karɓi jarinta a wurin mai na'urar cire kuɗi na kasuwa.

Mun shigo gida da magariba, da damin gero da ƙwaryar fura da aka tilasta mana. Na koyi cewa na'ura na rage wa talaka tafiya ƙwarai, amma sai an haɗa ta da mai haƙurin gwada yatsa na tara. Ina alwala na tsaya ina duban hannuwana. Duk goman zanensu raɗau, kowanne na'urar za ta karɓa da gwaji ɗaya. Wallahi kunya ce ta kama ni.