Zanen da Aka Wanke

Perpetua Akolpoka ta fara aiki a gidan jarirai na mishan ranar Litinin, biyar ga Fabrairu 1979, tana da shekara goma sha shida. Gidan yana mil tara daga Bolgatanga ta arewacin Ghana, a bayan coci, ƙarƙashin itatuwan darbejiya da Sista Odile ta dasa da hannunta. Aikinta na farko wankin tsummokaran jarirai ne a bakin rijiya. A lokacin gadaje goma sha biyu ne, na ƙarfe, masu farin fenti, kuma ana kaɗa ƙararrawa sau biyar a yini domin ba da madara. Yawancin yaran uwayensu sun rasu ne wurin haihuwa. Uba yakan kawo jariri a naɗe, ya dawo ya ɗauke shi in ya cika shekara uku. Sistocin sun tsufa sun koma ƙasarsu, ƙararrawar ta tsage, amma Perpetua tana nan, kowa yana ce mata Mma, wato uwa, har Fada, limamin cocin.

Tun zamanin Sistoci 'yan matan Turai suke zuwa aikin sa-kai, su yi wata biyu ko uku su tafi. Duk wadda ta zo, Mma takan buɗe akwatinta ta ba ta zane guda, ta koya mata goyo, ta ce: wannan naki ne muddin kina nan, in za ki tafi ki bar mini shi. Ba ta taɓa faɗa musu dalili ba.

Dalilin yana kwance a bayan coci, kabari na uku daga katanga. A 1986 wata 'yar Holan ta goyi wata jaririya mai suna Adukpoma wata huɗu cur. Da baƙuwar ta tafi, yarinyar ta rufe baki ta ƙi abinci. An yi mata ƙarin ruwa, an yi addu'a, a rana ta tara ta rasu. Abin da Perpetua ta lura da shi, kuma ba ta manta ba, shi ne yarinyar ba ta taɓa daina kuka ba sai ranar da aka kwantar da ita a gadon baƙuwar kafin a cire zanen gado. Daga nan ta fara karɓar zanen goyo da guminsa da ƙurarsa. Takan ɗaura shi a jikinta ta ɗauki yaron da aka bari, ya ji ƙamshin wadda ya sani, ya karɓi abinci daga hannun wadda bai saba da ita ba. Bayan mako guda ƙamshin ya gauraya da nata, sai ta wanke. Ta yi shiru da maganar ne domin ba ta ga amfanin gaya wa 'yar shekara sha tara cewa tafiyarta tana iya kashe yaro ba. Su kuma baƙin sukan cire zanen a ranar ƙarshe, su miƙa mata suna kuka.

A watan Disamba na 2022 Silke ta zo daga Jamus, doguwa, mai yawan shiru, mai tsabta har Felicia Atipoka, mai dafa abincin gidan, take cewa yarinyar nan za ta wanke ruwa kafin ta sha. Mako biyu bayan zuwanta aka kawo Ayinbila, ɗan wata huɗu, ƙasusuwansa a waje. Ya ƙi kowa. Silke ce ta zauna da shi da kofi da cokali har ya haɗiye, kuma daga ranar bai yarda da hannun wani ba. Mma ta ga haɗarin tun da wuri, ta so ta raba su, amma yaron yana ƙara nauyi, sai ta bari. Ta dogara da zanen.

Silke ta bar gidan ranar Alhamis, sha shida ga Maris, da azahar. Za ta kwana a Bolgatanga wurin wasu 'yan ƙasarsu, washegari da ƙarfe ɗaya ta hau motar Accra. Ta mayar da layin wayar da gidan ya ara mata, ta ce zanen yana kan gadonta. Ayinbila yana barci, kwanansa uku ke nan da tashi daga gudawa.

Mma ta sami zanen a ninke gida huɗu, a goge, da 'yar takardar godiya a kansa. Ta kai shi hanci. Sabulu kawai ta ji.

Ta dubi gadon. Zanen gado ma an wanke, an shanya a igiya, har rigar matashin kai. Felicia ta leƙo ta ce ai kin ga tarbiyya, abin aro ba a mayar da shi da datti. Da ta dubi fuskar Mma sai ta koma kicin.

Duk da haka Mma ta ɗaura zanen ta ɗauki yaron. Ya shaƙa, ya juya kai. Ta sa rai yunwa za ta karya shi. Da yamma ya ƙi madara, da asuba ya ƙi, ga zafin Maris wanda ko babba sai ya yi ta shan ruwa. Ƙarfe tara na safe ya daina kuka, abin da Mma ta fi tsoro ke nan. Ta taɓa maɗigarsa ta ji ta fara faɗawa. Ta aika a kira ma'aikaciyar jinya ta asibitin ƙauye, amma ta san ƙarin ruwa yana riƙe rai ne, ba ya koya wa yaro buɗe baki.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, bayan an ɗaura wa Ayinbila ruwa, Mma ta cusa zanen a jaka ta fito da baburinta. Felicia ta ce, "Mma, ke da gwiwar nan taki mai ciwo? Bari a nemo wani." Mma ta ce wani ba zai san abin da zai roƙa ba.

Hanyar a lalace take bayan gada, kuma ranar kasuwa ce. Ta bi bayan kekunan jakuna da awaki, ta tsaya sau ɗaya babur ya huce, ta isa tasha ƙarfe ɗaya saura minti ashirin. Motoci uku na Accra suna tsaye. Ta zagaya biyu tana leƙa tagogi. Kwandastan ta uku ya ce, "Mma, surukarki ce ta gudu?" Ta ce masa baturiya take nema, doguwa, in kuwa ya tayar da motar nan kafin ta gama, za ta je har garinsu Zuarungu ta gaya wa uwarsa, don ta san ta. Ya yi dariya ya nuna kujerar baya.

Silke ta sauko fuska a kumbure da kuka. Tana sanye da tsohuwar rigar auduga mai gajeren hannu, shuɗiya, wadda Mma ta gane: ita ce ta jikinta jiya, ba ta canja ba. A kafaɗa akwai tabon madara. Mma ta gode wa Allah a ranta.

Ta yi niyyar yin ƙarya, ta ce abin tunawa take so. Amma yarinyar ta riga ta kama hannunta tana tambaya ko Ayinbila ne. Mma ta ce bai ci ba tun jiya. Sai ta faɗa mata amfanin zanen, a taƙaice, ba ta ambaci kabarin ba.

Silke ta rufe baki da hannu. Ta ce sau biyu ta wanke shi, don kada ya yi wari. Sannan ta juya ta ce wa kwandasta ya sauko da jakarta, za ta koma.

"Har yaushe?" in ji Mma.

"Mako biyu. Zan canja tikitin jirgi. Ko wata guda."

"Bayan watan fa, 'yata? Ya ƙara saninki, ki sake tafiya. Shi sai ya cika uku zai bar gidan nan. Za ki zauna har lokacin?"

Direba ya danna oda.

"To ba ni rigar," in ji Mma. "Laifin nawa ne, da ban gaya miki ba."

Wata mai ƙosai da 'yar'uwarta suka kama bakin zanen da aka wanke suka yi labule a jikin mota. Silke ta cire rigar ta miƙo ta sama, sannan ta ɗaura zanen a ƙirji yadda aka koya mata, da yake jakarta tana can ƙarƙashin buhunan doya. Haka ta hau mota, fasinjoji suna tafa mata suna cewa an yi amarya. Mma ba ta tsaya ɗaga hannu ba. Ta sa rigar a leda ta ɗaure bakin da kyau don kada iska ta sha ta.

Ƙarfe biyu da rabi ta iso gida. Ta cire rigarta ta sa ta Silke, wadda ta matse ta a hammata ta kuma sauka har cinya. Felicia ta tafi haɗa madara.

Mma ta zauna a tabarma ta jingina Ayinbila a kafaɗar da ke da tabo, tana lura da allurar da ke hannunsa. Ya daɗe bai motsa ba. Can ya goga hanci a rigar, ya damƙi wuyan rigar, ya ɗago kai ya dubi fuskar da ke sama. Ba Silke ba ce. Ya tsuke baki, ya mayar da fuska cikin rigar. Mma ta kawar da kanta gefe, ta kai cokali ta ƙasa ba tare da ta dube shi ba. Na farko ya zube a wuyansa. Na biyu ma haka. A na huɗu ta ji maƙogwaronsa ya motsa.

Cokali bakwai ya sha ranar, washegari rabin kofi. Mma ta yi kwana goma sha ɗaya da rigar a jikinta, har cocin Lahadi ta je da ita a ƙarƙashin mayafi, Felicia tana cewa in aka ƙara kwana ɗaya ƙudaje za su zaɓe ta sarauniya.

A watan Yuni wasu baƙi biyu suka zo. Mma ta buɗe akwati ta ba su zannuwa, ta koya musu goyo. Sannan ta ce su biyo ta bayan coci, akwai abin da za ta nuna musu kafin su ɗauki yaro.