Ɗan Fari a Gidan Abincin Turawa

Lokacin da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta koma Abuja, mu ma aka kwaso mu tare da tebura da kujerun ofis. Maigidana ma'aikaci ne mai matsakaicin muƙami, irin waɗanda ake ce wa oga amma su ma ogoginsu ba su ƙirguwa. Manya aka ba gidaje a cikin birni, mu kuwa aka nuna mana hanyar Karu. A baki muna zaune a babban birnin tarayya. In na leƙa ta taga, gonar doya nake gani da awakin maƙwabta.

Na zo da goyon ɗana na fari, bai daɗe da fara zama ba. Da yake ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi mini dariya sai in kau da kai kamar ban gani ba. Haka aka tashe mu. A garinmu, mace ta rungume ɗan farinta a bainar jama'a tana cilla shi sama, ai ta gama nuna wa duniya ba ta da ta ido. Ranar da na gama wankan jego zan koma ɗakina, Innata ba ta yi mini doguwar huɗuba ba. Cewa kawai ta yi, “Ki shayar da shi, ki wanke shi, sauran ki bar wa mutane. Ɗa na kowa ne.” Maigidan ma ba a bar shi a baya ba wajen alkunya. In ya dawo daga aiki sai ya ce, “Yaron nan ya yi barci?” kai ka ce ɗan maƙwabta yake tambaya.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, alkunya sai da hannayen jama'a. Sai akwai wanda za ki miƙa wa yaron sannan za ki iya nuna ba ki damu da shi ba. A Karu na yi dace da irin wannan hannu. A bakin layinmu akwai wata mata mai rumfar abinci, 'yar Gbagyi, tun kafin wani ya yi mafarkin Abuja kakanninta ke noma a wurin. Kowa Mama yake ce mata. Gidan da aka ba mu famfonsa ado ne kawai, ruwa sai an saya, don haka sau da yawa a rumfarta muke cin abinci. Maigidan kan sa hula ya ce, “Tashi mu fita cin abinci,” sai mu taka ƙafa mu zauna a kan benci, a kawo sakwara da miyar agushi.

Ranar farko, ina kokawa da loma ga yaro a cinya, Mama ta goge hannu a zani ta tsaya a kaina.

“Madam, kawo yaro, kai ka ci abinci. Hannu biyu Allah ya ba ka, ba uku ba.”

Ban yi musu ba. Ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da zaninta, ta koma kan turmi. Daga ranar ya zama nata. “Oga ƙarami” take kiransa. Ita ta fara ganin haƙorinsa, ita ta fara lasa masa miya, ita ke yi masa waƙa da yarensu har ya yi barci. Ni kuwa ina kan benci ina cin abinci da hannu sake, ana yabona. Matan 'yan uwanmu Hausawa da ke layin suna cewa yarinyar nan ta iya kunya, an yi mata tarbiyya.

Wata rana ya bugi goshi da ƙafar benci ya tsala ihu. Ni ce kusa, na ɗauke shi. Sai ya banƙare, ya ture ni da hannu biyu, yana miƙa wa Mama. Tana karɓarsa ya yi shiru. Rumfa ta kwashe da dariya, wani direba ya ce, “Madam, yaro ya yi rejecting ɗinki!” Duk cikinsu babu wanda ya kai ni ƙarfin dariya. Amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na gane cewa a wurin ɗana ni wurin shan nono ce, in ya ƙoshi ya koma wajen uwarsa. Kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara, tunda abin da aka ce in yi shi na yi.

Ana nan sai ofis ya tura maigidan kwas na 'yan watanni a Ingila, aka kuma yarda ya tafi da iyali. Da na je yi wa Mama sallama, ta dube ni ta dubi yaron.

“To can wane ne zai riƙe maka shi?”

Na ce, “Haba Mama, ai can ma mutane ne.”

Sabuwar hedikwatar ƙasa ba ta iya fitar da mu ƙasar waje ba. Sai da muka koma Legas ɗin da aka ce an bari, domin masu ba da biza ba su ga dalilin tasowa ba tukuna, jirgin ma a can yake. A cikin jirgi yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Na yi ta satar kallon matar da ke gefena ina jiran ta ce in kawo shi. Ita kuwa ta kafa ido a littafinta, ko shafi ba ta juyawa. Na ce a raina wataƙila ba ta da lafiya.

Ɗakin da aka ba mu a can ƙarami ne, ga sanyi, ga shiru. Maigidan ya fita da safe sai yamma. Ni da yaron muka zauna kamar baƙin da aka haɗa ɗaki ɗaya a tasha. Ina shayar da shi, ina wanke shi, ina goya shi, amma wasa ban iya ba. Ko ni kaɗai ce a ɗaki, in na buɗe baki zan yi masa magana sai in ji kamar Inna na tsaye a bakin ƙofa. Shi kuma ƙofar yake kallo yana kuka, na kuma san wadda yake jira.

Wata Asabar maigidan ya ce, “Yau zan kai ki ki ga yadda ake cin abinci a duniya.” Na ci ado, na ɗaura ɗankwali na gani na faɗa. Dama tun a Karu nake raina bencin Mama, ina cewa Allah ya nuna mini ranar da zan ci abinci a wurin da ƙuda ba ya sa baki. To, Allah ya nuna mini. Tebur da farin ƙyalle, cokula iri-iri a jere, mutane suna tauna ba a jin motsin bakinsu. Muka ce a kawo kifi da dankali, tunda ba mu san wanda ya yanka naman ba. Yarinyar da ke kawo abinci ta jawo wata kujerar yara mai dogayen ƙafafu, aka zaunar da shi aka ɗaure da maɗauri. Na ce ka ji mutane masu dabara, sun yi Mama ta katako.

Kifi na sauka a tebur, oga ƙarami ya buɗe maƙogwaro.

Turawa ba sa juyowa su kalle ka, da ƙeya suke kallo, kuma na ji kallon har cikin ƙashina. Na dubi maigidan. Shi kuma ya ɗauki takardar jerin abinci yana nazari, alhali mun riga mun zaɓa.

“Malam, ka ɗan taɓa shi mana.”

“Ni? A gaban mutane?”

Sai na yi abin da duk mace mai hankali za ta yi a garinmu. Na kwance yaron, yarinyar nan mai kawo abinci na zuwa wucewa na miƙe na miƙa mata shi. Ta ja da baya, ta ɗaga hannu sama kamar na nuna mata wuƙa, tana ta ba ni haƙuri da Turanci, wai ba a yarda su ɗauki yara ba. Ban karaya ba. A teburin kusa da mu akwai wata tsohuwa mai furfura, sa'ar Inna, wadda na tabbata ta yi jikoki. Na juya na miƙa mata. Ta yi murmushi mai kyau, ta ce yaron kyakkyawa ne, ta jawo jakarta ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu.

Na tsaya a tsakiyar gidan abinci, hannuwa a miƙe, yaro na wutsil-wutsil a sama, kamar mai tallan da aka ƙi taya wa.

Maigidan ya ce ƙasa-ƙasa, “Ke, don girman Allah zauna. A nan ba a yi. Za su ce yar da shi kika zo yi.”

Na zauna. Wani mutum mai baƙar kwat ya zo ya sunkuya da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce ko za mu so mu ɗan fita da yaron ya sha iska. Na ce ba inda za ni. Na juyo da yaron na manna shi a ƙirjina, ba don nono ba, ba don goyo ba, haka kawai. Ban san waƙar da zan yi masa ba. Abin da ya fito daga bakina waƙar Mama ce ta Gbagyi, wadda ban san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba, ina yi ina kwaɓawa. Ya rage kuka. Na sa bakina a wuyansa na hura masa iska kamar yadda na sha ganin tana yi. Ya yi tsit, ya ɗago ya ƙura mini ido, irin kallon nan na ke kuma daga ina. Na sake hurawa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya kama hancina da hannunsa mai yawu.

Na yi dariya ni ma, da ƙarfi, har da hawaye. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban kau da kai ba.

Abin mamaki, ƙeyoyin nan duk suka zama fuskoki. Tsohuwar da ta ƙi karɓarsa ta leƙo tana gaya wa maigidan cewa ya yi sa'ar mata, wai ga uwa ta gari. Abin da za a yi shekara ana yi mini gori a kansa a garinmu, shi ake ba ni lambar yabo a kai. Kifin ya huce. Na ture cokulan gefe na ci da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ɗana.

“Allah dai ya sa babu ɗan gida a wurin nan,” in ji maigidan yana waige-waige. Da na duba ƙarƙashin farin ƙyallen, sai na ga ya kama ƙafar yaron yana murza 'yan yatsun.

Daga ranar na lalace. A bas ina yi masa wasa, a kanti ina yi masa hira, a filin shaƙatawa ina cilla shi sama tsofaffi na yi mini murmushi. Wata rana ma, a gaban wani tafki mai agwagi, na duba hagu na duba dama, na kira sunansa. Ya waiwayo.

Da muka dawo Karu, Inna ta taso daga gida ta zo yi mana barka da dawowa. Matan layi suka cika falo. Can sai ga Mama da kular sakwara, tun daga ƙofa take kiran, “Ina oga ƙarami? Ina ɗan London?” Ta ajiye kula ta miƙo hannu. Yaron ya dube ta, ya juya ya cusa fuska a wuyana. Ta yi masa waƙar, ta tafa hannu, ta kira shi da duk sunayen da ta sa masa. Ya ƙara ƙanƙame ni.

“Ah ah! Madam, mene ne ka ba yaron nan a can?”

Ta yi dariya, amma na ga abin ya taɓa ta, na kuma san irin ciwon, sai ta ba ni tausayi. Ni kuma ga Inna zaune a kan tabarma tana kallona. Na shiga cewa, “Don Allah ku karɓe shi, ya ishe ni, haka yake maƙale mini.” Bakina na faɗin haka, hannuna a ƙarƙashin mayafi yana riƙe da cinyarsa gam. Wata maƙwabciya ta taso za ta ɓamɓare shi, tana cewa Turai ta ɓata mu.

Inna ta ce, “Ku ƙyale mata abinta.”

Da mutane suka watse aka bar ni da Inna mu biyu da kwano ɗaya, yaron ya yi barci a cinyata. Na zauna ina jiran faɗa. Inna ta yi loma biyu. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta tambayi kwanon.

“A can babu mai karɓa, ko?”

“Babu, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana juya loma a cikin miya.

“Ni ban taɓa zuwa inda babu mutane ba,” ta ce.

Ni ce 'yarta ta fari. Ta tsamo tsokar da ta fi girma a miyar, ta turo ta gefena da yatsa, ta ci gaba da cin abincinta.